Tambayoyin Masu Karatu: Jirgi Ɗaya, Wani Ya Yaba Wata Ta Kushe, Wa Za a Gaskata?

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙun da suka zo mana a kan magana guda, wato balaguron shaƙatawa a manyan jiragen ruwa da kuma sharhin da fasinjoji ke rubutawa a intanet bayan sun sauka. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba a wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ya yi ritaya a bana, yaranmu kuma sun haɗa kuɗi domin su biya mana tafiyar mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Basalona ya zaga Bahar Rum. Na zauna na karanta abin da mutane suka rubuta a kan jirgin da aka zaɓa mana, sai kaina ya ɗaure. Wani ya ba shi taurari biyar, ya ce bai taɓa jin daɗi irin wannan ba. Wata kuma ta ba shi tauraro ɗaya, ta ce babu komai a cikinsa sai cunkoso da dogon layi da abincin da ya huce. Kuma a wata ɗaya suka yi tafiyar. Wa zan gaskata? Kuɗin nan gumin 'ya'yana ne, ba na son ya tafi a banza. Daga wata Hajiya a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya yi wa yaran albarka, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Mai yiwuwa ne ƙwarai dukansu biyun gaskiya suka faɗa, domin jiragen nan sun yi girman da mutum biyu za su kwana bakwai a cikin guda ɗaya amma kowa da irin tafiyar da ya yi. Jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miyami a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar mutum kusan 7,600, ban da ma'aikata fiye da dubu biyu, kuma yawancin manyan jiragen da ke zaga Bahar Rum su ma dubbai suke ɗauka. A cikin wannan taro akwai wanda ya kama ɗaki a can ciki, babu ko taga, akwai mai ɗaki da baranda yana kallon teku, akwai kuma wanda ya biya ninkin kuɗi ya shiga keɓantaccen sashe mai wurin cin abincinsa da wurin ninkayarsa daban, wanda sauran fasinjoji ba sa iya shiga. Wanda ya je zauren abincin ɗebi da kanka da ƙarfe ɗaya na rana, a ranar da jirgi ke tsakiyar teku kowa yana ciki, zai sha layi kuma zai rasa kujera. Wanda ya je zauren da ake kawo wa mutum abinci har teburinsa a daidai wannan lokacin ba zai san ana wani cunkoso ba. Saboda haka kafin ki tambayi kanki ko mai sharhin ya faɗi gaskiya, ki fara tambayar a wane ɗaki ya kwana, a wane wata ya tafi, da wa ya tafi, kuma me ya saba da shi.

Akwai wani abin da ya kamata ki sani game da masu rubuta sharhin su kansu. Mutum ba ya zaunawa ya rubuta shafi guda a kan tafiyar da ta yi masa daidai wa daida. Waɗanda suka fi rubutu su ne waɗanda daɗi ya cika su da waɗanda fushi ya cika su, yayin da mafi yawan fasinjoji, waɗanda suka ci suka sha suka koma gida ba yabo ba fallasa, sukan yi shiru. Wannan ya sa jimillar taurarin da ake rubutawa a saman shafi ita ce abin da ya fi ƙarancin amfani a gare ki. Shawarata ita ce ki tsallake masu taurari biyar da masu tauraro ɗaya da farko, ki nemi masu uku da masu huɗu, domin a cikinsu ne ake samun mutumin da ya natsu ya ce ga abin da ya yi kyau, ga kuma wanda bai yi ba. Lamarin ya yi kama da binciken aure: ba a tsayawa ga maganar aminin saurayi, ba a kuma tsayawa ga ta wanda suka yi rigima da shi, sai a nemi maƙwabcin da ya daɗe yana ganin shigarsa da fitarsa kuma ba shi da wata riba a cikin maganar.

Idan kin shiga karatun, ki riƙa ware abin da mai sharhi ya gani da idonsa daga abin da ya ji a ransa. Wanda ya ce abinci ba daɗi bai gaya miki komai ba, tunda harshensa daban naki daban. Amma wanda ya ce ɗakinsa yana ƙarƙashin wurin ninkaya ne, kuma kullum da asuba ma'aikata suna jan kujeru a saman kansa har barci ya gagare shi, wannan ya ba ki abin da za ki iya aiki da shi, domin taswirar kowane hawa na jirgin tana nan a shafin kamfanin, za ki iya duba abin da ke sama da ɗakinku da abin da ke ƙasa da shi kafin a biya. Haka nan wanda ya ce ya daɗe yana jiran lif a duk lokacin da jirgi ya tsaya, ko ya ce daga ɗakinsa zuwa zauren abinci tafiya ce mai nisa, ya yi wa mai ciwon gwiwa babban amfani. Idan kuma kika ga ƙorafi ɗaya yana ta maimaituwa daga bakin mutanen da ba su san juna ba, a watanni daban-daban, to ki ɗauke shi tabbas. Ƙorafin da ya fito sau ɗaya tak cikin ɗaruruwan sharhi kuwa tsautsayin rana ɗaya ne.

Ki kuma kula da kwanan wata. Ana shigar da jirage tashar gyara bayan 'yan shekaru a sabunta ɗakuna da zauruka, ma'aikata suna aiki ne da kwantiragin watanni sannan a sauya su, kuma tun daga Maris na 2020 harkar ta tsaya cik na tsawon watanni, a Amurka ma fiye da shekara guda, saboda annobar korona, ta dawo da sababbin farashi da sababbin tsare-tsare. Sharhin da ya wuce shekara biyu labarin wani zamani ne. Ki nemi na watannin baya-bayan nan, a kan wannan jirgin da sunansa, domin kamfani ɗaya yakan mallaki sabon jirgi da tsoho mai shekara ashirin. In so samu ne, ki nemi na irin lokacin da za ku tafi. Bahar Rum a Yuli da Agusta, lokacin hutun makarantun Turai, cike yake da yara da zafi da cunkoso, alhali a watan Mayu ko Oktoba jirgin nan guda yakan zama wuri mai natsuwa, wanda ya fi dacewa da dattawa.

Wasu masu tauraro ɗaya kuma jirgin bai yi musu laifin komai ba. Wani iska ce ta hana kyaftin shiga tashar da ya ƙwallafa rai a kanta, alhali yarjejeniyar tikitin da ya amince da ita ta ba kamfani damar sauya hanya saboda yanayi. Wani kamfanin jirgin sama ne ya ɓatar masa da akwati. Wani Ba'amurke ne da ya hau jirgin kamfanin Turai, ransa ya ɓaci don ana maimaita kowace sanarwa a harsuna da yawa. Duk wannan bai shafe ki ba.

Inda sharhin fasinjoji ya fi kowane talla amfani shi ne wajen fallasa abin da takardar talla ta sakaya. Takardar za ta ce jirgi zai tsaya a birnin Rum, amma fasinja ne zai gaya miki cewa a Civitavecchia yake tsayawa, kimanin kilomita 80 daga birnin, tafiyar fiye da awa guda zuwa, fiye da awa guda dawowa, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawo da kansa ya makara. Fasinja ne zai gaya miki cewa kuɗin tikiti bai haɗa da intanet da lemon kwalba da yawon da ake shirya wa fasinjoji a gari ba, kuma akwai tukuicin ma'aikata da ake ɗorawa kai tsaye a kan lissafin ɗaki, wanda a manyan kamfanonin Amurka yakan kama tsakanin dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum kowace rana. Ga mutum biyu a mako guda wannan kaɗai ya haura dala 200, kuma gara yaran su san da shi tun yanzu.

Sai dai abin da ya fi damuna a wasiƙarki, Hajiya, shi ne abin da ba za ki taɓa samu a cikin sharhin ba ko da kin karanta dubu, wato maganar biza. Mafi yawan masu rubutun nan fasfon Amurka ko Birtaniya ko na ƙasashen Turai suke riƙe da shi, suna shiga Sifaniya da Italiya da Faransa ba tare da biza ba, don haka maganar ba ta ma zuwa musu a rai. Mai fasfon Najeriya kuwa dole ne ya samu bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta shiga rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe iyakoki a tsakaninsu, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun watan Yunin 2024, kuma ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 kafin a ba da ita. Idan duk tashoshin da jirgin zai tsaya suna cikin yankin Shengen ne, irin su Basalona da Jenowa da Nafoli da Malta, lamarin da sauƙi. Amma idan hanyar ta ratsa Tunisiya ko Turkiyya ko Maroko sannan ta koma Turai, kun fita daga yankin kun sake shiga ke nan, bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, sannan ita ƙasar da aka ratsa tana da nata sharuɗɗan. Kada ku ce ai ba za mu sauka a can ba, domin a bakin ƙofar hawa ake duba takardun tafiyar gaba ɗaya, wanda nasa ba su cika ba a mayar da shi, kuma yarjejeniyar ta ɗora alhakin biza a wuyan fasinja, ba a mayar da kuɗi. Ana iya neman bizar tun saura wata shida a tafi. Ku sa yaran su rubuta wa kamfanin jirgin, su faɗi irin fasfonku, su karɓi amsa a rubuce, su kuma tabbatar a ofishin jakadancin kowace ƙasa da ke kan hanyar, kafin ranar da kuɗin ajiya zai zama wanda ba a mayarwa.

TAMBAYA: Malam, na ji ana cewa yawancin yabon da ake gani a intanet saye ake yi. Shin gaskiya ne? Kuma yaya matsayin masu ɗora bidiyo a YouTube da TikTok suna zagayawa da mu cikin jiragen nan? Ni dai su na fi yarda da su, tunda gani ya kori ji. Daga wani ma'aikacin banki a Abuja.

AMSA: Sayen yabo gaskiya ne, kuma ya kai matsayin da gwamnatoci suka shigo ciki. A shekarar 2017 wani ɗan jarida a Landan mai suna Oobah Butler ya ƙirƙiri gidan cin abinci na ƙarya a rumfar bayan gidansa, ya sa abokansa suka yi ta rubuta yabo, har wurin da bai taɓa sayar da ko faranti ɗaya ba ya zama na ɗaya a duk birnin a shafin Tripadvisor, inda matafiya ke rubuta sharhi a kan otal-otal da gidajen abinci. A 2018 wata kotu a garin Lecce na Italiya ta ɗaure mai wani kamfani da ake kira PromoSalento wata tara a gidan yari saboda sayar wa otal-otal da gidajen abinci sharhin ƙarya. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta kafa dokar hana saye da sayar da sharhin bogi wadda ta fara aiki a Oktoban 2024, da tarar da ta haura dala 50,000 a kan kowane laifi guda, Birtaniya ma ta haramta shi tun Afrilun 2025. Ba a kafa irin waɗannan dokoki a kan ƙaramin abu.

Amma a ganina, Malam, haɗarin bai fi yawa a kan manyan jiragen ba. Jirgin da ke sauke dubban mutane kowane mako yana tara sharhin da ya fi ƙarfin a karkatar da shi da yabon haya. Inda ƙaryar ta fi tasiri shi ne wajen ƙananan masu harka da ke kewaye da tafiyar: mai motar da zai zaga da kai gari idan jirgi ya tsaya, otal ɗin da za ka kwana kafin ranar hawa, ejan ɗin da zai yanka maka tikiti, da ƙananan jiragen kogi irin waɗanda ke zirga-zirga a Nilu tsakanin Luksor da Aswan. Wanda sharhinsa duka bai wuce talatin ba, ashirin na bogi sun isa su ɗaga shi sama. Alamomin da za ka duba su ne yabo mai yawa da ya zubo cikin mako guda sannan aka yi tsit, da masu rubutun da ba su taɓa yin sharhi a kan komai ba sai wannan, da lafazi irin na takardar talla wanda babu sunan tasha ko lambar hawa ko wani ƙaramin ƙorafi a cikinsa. A da ana gane na bogi da gurɓataccen Turanci, yanzu kuwa manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta shi tsaf, don haka kyan rubutu ya daina zama shaida.

Akwai kuma yabon da ba ƙarya ba ne amma an tace shi. Abin da kamfani ya ɗora a shafinsa na kansa shi ya zaɓa. Fasinja kuma yakan sassauta alƙalaminsa saboda tausayin ma'aikacin da ya yi masa hidima mako guda, musamman da yake ma'aikatan kan roƙi a ambaci sunansu a takardar jin ra'ayi tunda ci gabansu a wurin aiki yana da alaƙa da ita. Shafin Cruise Critic, wanda aka kafa a 1995 kuma Tripadvisor ta saye shi a 2007, yana daga cikin wuraren da suka fi tara sharhin fasinjojin jiragen ruwa, yana da amfani ƙwarai, har ana samun sharhi a kan ɗaki guda da lambarsa. Amma ka riƙa tuna cewa irin waɗannan shafuka da tallar kamfanonin jiragen suke samun kuɗin shiga, ka kuma bambance rubutun editocinsu da na fasinjojin da suka biya da aljihunsu.

Game da masu bidiyo, gani yana korar ji ne idan kai ka zaɓi inda za ka duba. A bidiyo mai riƙe da kyamara ne ya zaɓa maka. Da yawa daga cikinsu gayyatarsu ake yi kyauta, a sauke su a ɗaki mafi tsada, su kuma ɗauki hoton wurin ninkaya da sassafe kafin jama'a su fito. Dokokin Amurka da Birtaniya sun wajabta musu su bayyana idan an ɗauki nauyinsu, don haka ka duba bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon. Bidiyon da ya fi amfani shi ne wanda wani fasinja ya ɗauka da wayarsa ba tare da kiɗa ko ado ba, ya buɗe banɗaki ya nuna faɗinsa, ya buɗe durowa, ya leƙa baranda ya nuna ko kwalekwalen ceto ya tare ganin teku. Ka rubuta sunan jirgin da lambar ɗakin da ake son sayar maka, sau da yawa za ka samu wanda ya riga ka kwana a ciki.

TAMBAYA: Ni da iyalina muna son irin wannan tafiyar, amma duk sharhin da na karanta maganar giya da gidan rawa da caca ake yi. Ban ga wanda ya yi maganar abincin halal ko wurin sallah ba. Jirgin da ya samu taurari biyar zai dace da mu kuwa? Daga wani Alhaji, ɗan kasuwa a Damagaram.

AMSA: Alhaji, taurarin nan amsa ce ga tambayar da ba kai ka yi ta ba. Wanda ya ba jirgi biyar saboda mashayarsa ba ta rufewa da wuri ya auna shi ne da ma'aunin da ba naka ba. Abin da za ka yi shi ne ka yi amfani da akwatin bincike da ke cikin shafukan sharhin, ka rubuta kalmar halal tare da sunan jirgin, domin Musulmi daga Birtaniya da Malesiya da ƙasashen Larabawa suna hawa jiragen nan kuma wasunsu suna rubutawa. Sharhi uku daga irinsu sun fi maka ɗari uku daga wasu.

Ko su ɗin ma kada ka tsaya a kansu, domin tsarin abinci yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har daga yanki zuwa yanki a kamfani guda. Wasu suna tanadar naman halal idan an sanar da su makonni kafin tafiya, wasu kuwa kifi da ganye kawai za su nuna maka. Ka rubuta wa kamfanin kafin ka biya, ka tambayi ko naman yankan halal ne, ko ana raba tukwane da cokulan ɗiba da na naman alade, ka riƙe amsarsu a rubuce. Idan kun hau, ka nemi shugaban zauren abinci tun daren farko ka gaya masa, ka kuma riƙa tambayar miya da kayan zaƙi, domin girkin Turawa yakan shigar da giya inda ba a zato. Sallah kuwa a ɗakinku za ku fi yinta. Talabijin ɗin ɗakin yakan nuna taswira da inda jirgi ya dosa, wanda zai taimaka wajen gane alƙibla, malamai kuma sun daɗe da yin bayanin hukuncin sallah a cikin jirgin ruwa, sai ka tuntuɓi naka kafin tafiya.

Akwai kuma kamfanin Aroya na Saudiyya, wanda ya fara jigila daga Jidda a Disamban 2024, aka kuma tsara shi tun asali domin iyalan Musulmi: abincinsa halal ne, ba a sayar da giya, babu gidan caca, akwai wuraren sallah. A nan sai karatun sharhi ya juya, domin baƙon da ya rage wa jirgin taurari saboda bai samu giya ba, kai bushara ya yi maka. Amma kada sunan halal ya sa ka rufe ido ga sauran abubuwa. Tsabtar ɗaki da saurin hidima da yawan cunkoso da ƙarin kuɗin da ake cajin mutum, duk ka bi su da irin binciken da za ka yi wa kowane jirgi.

TAMBAYA: Na karanta wani sharhi da ya ce rabin mutanen jirgi sun kamu da amai da gudawa. Tun daga nan na fasa. Na yi daidai? Daga wata malamar asibiti a Zariya.

AMSA: Malama, kin fi ni sanin cewa wanda ya kwanta ciwo a ɗakinsa ba shi da hanyar ƙirga rabin mutum dubu huɗu. Cutar da ya ke nufi yawanci ta ƙwayar noro ce, tana kuma aukuwa a jirage kamar yadda take aukuwa a makarantun kwana da gidajen kula da tsofaffi. A wannan fanni akwai shaidar da ta fi ta fasinja. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana da shirin duba tsabtar jiragen ruwa tun shekarun 1970. Jami'anta suna hawa duk jirgin fasinja da ke zirga-zirga tsakanin tashoshin Amurka da ƙasashen waje sau biyu a shekara ba tare da sanarwa ba, su duba ruwan sha da ɗakin girki da wuraren ninkaya, su ba da maki a kan 100, wanda ya samu 85 ko ƙasa da haka ya faɗi. Ana wallafa makin da cikakken rahoton a shafin cibiyar, ana kuma sanar da ɓarkewar cuta idan kashi 3 cikin 100 na fasinjoji ko ma'aikata suka kai rahoton ciwon ciki. Jirage da yawa da ke aiki a Turai da bazara suna komawa yankin Amurka da hunturu, don haka ki nemi sunan naki a can. Idan kin hau kuma, ki riƙe wanke hannu da sabulu, domin man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe wannan ƙwayar yadda ya kamata.

TAMBAYA: Wani ejan da na samu a Instagram ya yi mini tayin tafiyar jirgin ruwa daga Dubai da rangwame mai yawa, in dai zan biya duka a wannan makon ta asusunsa na kansa. Shafinsa cike yake da godiyar waɗanda suka ce ya yi musu aiki, kuma jirgin da ya ambata yana da yabo sosai a ko'ina. In biya? Daga wani matashi a Kano.

AMSA: Kada ka biya, ɗan'uwa, sai ka ga abin da zan lissafa maka. Yabon da jirgin ya samu na jirgin ne, bai ce komai a kan mutumin da zai karɓi kuɗinka ba. Godiyar da ke shafinsa kuwa shi ke da ikon goge wadda bai so da barin wadda ya so, hoton hirar WhatsApp da ake ɗorawa a matsayin shaida kuma kowa zai iya haɗa shi da wayoyi biyu. Gaggawar a biya a wannan makon da kuma asusun mutum maimakon na kamfani, waɗannan biyun kaɗai sun isa su sa ka ja da baya.

Ko da ejan ɗin mai gaskiya ne, sharhi yana ba da labarin hidimar da aka yi jiya ne, ba ya leƙa littafin bashin kamfani. Crystal Cruises ya shafe shekaru yana cikin kamfanonin alfarma da fasinjoji suka fi yabo, yana ta karɓar lambobin girma. A Janairun 2022 uwar kamfanin, Genting Hong Kong, ta durƙushe, wani alƙali a Amurka ya ba da umarnin kama jirginsu Crystal Symphony saboda bashin kuɗin mai, jirgin da ya kamata ya sauke mutane a Miyami ya karkata zuwa Bimini a tsibiran Bahamas, aka kwaso fasinjoji zuwa Fulorida a wani ƙaramin jirgi, waɗanda suka biya kuɗin tafiye-tafiyen gaba kuma suka shiga dogon jiran a mayar musu. Babu wani sharhin taurari biyar da ya hango musu wannan, domin mai cin abinci a zaure ba ya ganin takardun ofis.

Abin da zai kare ka takardu ne. Ka nemi cikakken sunan kamfanin ejan ɗin ka duba rajistarsa a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka tambayi ko yana cikin ƙungiyar masu shirya tafiye-tafiye ta Najeriya, NANTA, ka je ofishinsa da ƙafarka ko ka tura wanda ka amince da shi. Ka biya kuɗin ajiya kaɗai tukuna, ta asusun kamfani ko da katin banki, domin biyan kati yana ba ka damar kai ƙorafi ta bankinka idan ba a yi maka aikin ba, abin da tura kuɗi hannu da hannu ba ya bayarwa. Ka karanta jadawalin soke tafiya ka san ranar da kuɗinka zai fara zaftarewa, ka kuma sayi inshorar tafiya da ta haɗa da jinya a cikin jirgi, tunda asibitin jirgi na kuɗi ne kuma da tsada. Bizar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ta sauran ƙasashen da jirgin zai tsaya ma ka tabbatar da su da kanka, kada ka dogara da cewar ejan.

Mafi muhimmanci shi ne lambar rajistar tafiya. Duk ejan na gaskiya, da zarar ya kama maka ɗaki, kamfanin jirgin zai fitar da lamba mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo. Ka ɗauki lambar ka shiga shafin kamfanin jirgin ko manhajarsa da kanka, ka ga sunanka da ranar tashi da lambar ɗakinka da adadin kuɗin da ya isa hannunsu. Idan ka gan su, sai ka cika ragowar a ranar da kamfanin ya ƙayyade. Idan kuwa ejan ya fara ce maka lambar tana zuwa gobe ko jibi, ko ya ce sai ka biya duka sannan za ta fito, ka nemi a mayar maka da kuɗin ajiyarka a rubuce tun a ranar.